Fatun da Na Kai Ikko

Na sauka tasha da hantsi, Tumba,
rana ta daki ƙeyata kamar ta gane ni,
na ce mata barka da gida.
Zafin Sakkwato ba ya munafunci,
ya gasa ka, ya bar maka rigarka a bushe.

Na Ikko kuwa riƙo gare shi,
kamar mutumin da ya kama hannunka a kasuwa
ya ƙi saki har gaisuwa ta yi tsami.
Ka yi wanka, ka tsane jiki,
kafin ka ɗaure zariya ka sake jiƙewa.
Na shanya riga ran Talata,
ran Alhamis tana kan igiya da danshinta,
tana kallona, ina kallonta.

Fatu arba'in na tafi da su,
na jar akuya, jimar Modi,
waɗanda bagaruwa ta ratsa har ciki.
Kin san amon da suke yi in an kaɗa su a Madunka.
Kwana shida a ɗakin fatoma a Agege
suka yi shiru, suka yi laushi,
funfuna ta fito musu kamar furfurar da ta zo da wuri.
Na zauna da tsumma da man gyaɗa ina gogewa,
gumina yana ɗiga a inda na goge.
Mai saye ya zo, ya shinshina, ya yamutsa fuska,
ya zabge kashi ɗaya cikin uku.
Ban ja da shi ba.
Iska ce ta ci ribata, gaban wa zan kai ƙara?

Dare ya yi, fanka tana juya zafi
kamar yadda kike dama kunu.
Sauro a kunnen hagu, janareta a na dama.
Na tashi neman ruwa,
randarsu ma ba ta san sanyi ba,
gumi kawai take yi, irin na mutanen garin.

Ran Juma'a ɗan fatoma ya kai ni bakin teku.
Ni da nake alfahari da gulbin Rima,
da na tsaya gadar Kwalkwalawa da damina
na ce ruwa ya ƙare a nan!
Tumba, wannan ba shi da tsallake.
Yana zuwa, yana komawa, yana huci,
kamar bijimin da aka ɗaure tun farkon duniya.
Na ɗiba da tafi na kai baki, na tofar.
Ruwa har inda ido ya gaji,
amma ba zai shayar da jaki ɗaya ba.
Na yi alwala da shi duk da haka,
gishirin ya kwana a gemuna.

Ga shi nan a kwalba, na Cika ne,
ya ɗanɗana ya daina cewa ƙarya nake yi.
Ke kuma ga yadi shida, kada ki tambayi kuɗinsa.

A hanyar dawowa, muna wuce Jega
leɓena ya fara tsagewa,
na lashe shi ina dariya ni kaɗai,
har na kusa da ni ya matsa.

Fatu biyu sun ƙi sayuwa.
Miƙo su in shimfiɗa a kan katanga.
Kafin la'asar rana za ta yi musu magana,
su tuna garinsu, su dawo da amonsu.
Ɗebo mini ruwan randar nan ta ƙarƙashin darbejiya,
wanda ke sa haƙori tsami.

Sai dai wani abu, kada ki faɗa wa Modi:
jiya a mota, da barci ya ɗauke ni,
hucin nan na ji a kunnena,
yana zuwa, yana komawa,
kuma ban so aka tashe ni ba.